Yinin da Na Kwanta a Kabarin Wani

Aikina awon ƙasa ne. Shi ya kawo ni Jidda, lokacin da wani kamfanin gine-gine ya ɗauko ni daga Kaduna. Shekarun farko a rana na yi su, hular kwano a kai, na'urar awo a kafaɗa. Daga baya aka ƙara mini girma aka ba ni ofis mai sanyi, tun daga nan kuwa ban sake auna komai ba sai tazarar da ke tsakanin kujerata da wurin haɗa shayi. Tumbi ya fito. Gwiwa ta fara ƙara idan zan tashi daga sujada. Amma ni a raina ina nan yadda nake, mutumin daji wanda ya saba da duwatsu.

Ina da wata cuta kuma tun ina makarantar sakandare: idan na karanta abu sau ɗaya, sai in ji na zama malaminsa. Matata ta daɗe da sanin wannan. Idan na fara bayani a gaban baƙi, takan tashi ta ce bari ta duba tukunya, ko da babu komai a kan wuta.

Matata tana da kawu a unguwar Kurayyat, ɗan'uwan mahaifiyarta ta wajen kakanni. A Jidda aka haife shi. Mahaifinsa ne ya zo aikin hajji da ƙafa, bai koma ba. Kawu ya yi rayuwarsa yana tuƙa babbar mota, yana kai siminti da abincin dabbobi garuruwan arewa, har ƙarfi ya ƙare ya zauna a gida. Lokacin da abin nan ya faru ya haura saba'in. Hausarsa daɗi gare ta, irin ta mutanen da, sai dai rabinta Larabci ne. Muhandis yake kirana, wato injiniya. Ni ba injiniya ba ne, amma ban taɓa gyara masa ba.

Duk Juma'a bayan an sauko daga masallaci mukan taso daga unguwarmu ta Aziziyya mu je gidansa cin abinci. Wata Juma'a muna zaune a falo, talabijin na nuna waɗansu kaburbura waɗanda mutanen zamanin da suka sassaƙa a jikin duwatsu can arewacin ƙasar. Na ajiye cokali na fara bayani. Na yi maganar mutanen da suka rayu tun kafin a fara rubuta tarihi, na faɗi yadda suke zaɓar kan dutse su zauna saboda tsoron hari. Duk a wani shafi na waya na gani kwana biyu kafin nan.

Kawu ya bar ni na gama, sannan ya ce, "Wannan na talabijin ai na 'yan yawon buɗe ido ne. Ni na san wani dutse da bas ba ta zuwa. Motata ta taɓa lalacewa kusa da shi, na kwana uku a wurin. Akwai gari a samansa, ya Muhandis. Gari sosai, sai dai babu rufi, babu mutane. A gefensa kuma an huda ramuka a jere."

Na ce, "Kawu, ai sai mu je."

Ya dubi fuskata, ya sauke ido kan tumbina, ya ce, "Akwai hawa fa."

Na ce masa ni da na hau Kufena ina saurayi, wane dutse ne zai ba ni tsoro. Gaskiya ne na hau Kufena. Abin da ban faɗa ba shi ne a tsakiya na tsaya, na zauna ina gadin takalman abokaina har suka sauko.

Mako uku na yi ina shiri. Na sayi takalmin hawan dutse mai nauyi kamar bulo, da wando mai aljihu takwas, da malafa, da sanda mai naɗewa. Na tono tsohon tef ɗina na awo daga ƙasan akwati. Sau biyu na je bakin teku da yamma don motsa jiki, sau biyun kuma a wurin mai sayar da balila, wani dafaffen wake da ake ci a nan, tafiyar ta ƙare. Sauran lokacin karatu na yi a waya, har na iya sunayen zamunna ina jera su kamar sunayen 'ya'yana.

Matata ta ce da ita za a je. Na ce mata tafiyar ba ta mata ba ce, akwai wahala.

Ta ce, "Na sani, Baban yara. Shi ya sa zan je. Ya kamata a sami wanda zai riƙe maka katin iƙamarka na izinin zama idan za a kai ka asibiti."

Na yi dariya, don na ɗauka wasa take yi.

Lokacin sanyi ne. Muka ɗauki Kawu bayan sallar asuba. Ya fito da jallabiyarsa ta kullum da silifas na roba, da fulas ɗin shayi da ledar dabino. Ya dube ni daga malafa har takalmi ya ce, "Masha Allah. Yaƙi za mu?"

Muka miƙe arewa, teku na hannun hagu. Muka wuce Rabig, muka wuce Yanbu, sannan muka karkata cikin ƙasa. Duk tsawon hanyar bayani nake yi. Sai da muka yi nisa na lura Kawu ya yi barci, matata kuma ta sa abin sauraro a kunne. Bayan azahar muka bar kwalta. Taswirar wayata ta ɓace, ta bar ni da ɗigo shuɗi a tsakiyar fili fari. Kawu ya farka ya gyara zama, ya shiga nuna hanya da yatsa. "Bi nan. Bar wancan tsaunin a dama. Yalla, miƙe." Shekaru masu yawa rabonsa da wurin, amma ko sau ɗaya bai yi kokwanto ba. Ni mai awon ƙasa ina bin umarni kamar ɗan koyo.

Dutsen ja ne, samansa a shafe kamar an yanke shi da wuƙa. A gindinsa muka tarar da wani zagayen duwatsu da aka jera har ƙugu. Na nufe shi da sauri. Na fito da tef na auna faɗinsa, na tsuguna na duba yadda aka ɗora duwatsun, sannan na miƙe na sanar da su cewa wannan ita ce ganuwar farko, inda masu tsaron garin suke fakewa. Na ce su dubi yadda aka yi ginin babu laka, wannan fasaha ce da ta ɓace shekaru dubbai.

Ina cikin magana muka ji kukan awaki. Wani makiyayi Basudane, dogo, mai furfura a gemu, ya ɓullo ta bayan dutsen. Ya yi mana sallama, ya janye wani guntun katako daga bakin ganuwar tawa, ya kora awakinsa ciki. Kawu ya tambaye shi wa ya gina wurin. Ya ce shi da ƙaninsa ne, bara waccan.

Ina jin Larabci daidai gwargwado, na kuma ji abin da ya faɗa. Duk da haka Kawu ya juyo ya fassara mini da Hausa, a hankali, kalma bayan kalma. Da ya ga matata ta juya baya kafaɗunta na rawa, ya sake fassarawa don ita ma ta ji da kyau. Na ajiye tef ɗin a kan katangar garken na ce mu hau kafin rana ta yi ƙasa.

Ba zan tsawaita labarin hawan ba. Takalmin ya fara cin dunduniyata tun kafin mu yi kwata. Sandar mai naɗewa ta naɗe kanta sau biyu ina dogare da ita. Kawu yana gaba da silifas ɗinsa, hannu ɗaya a baya, yana tafiya kamar mai zuwa shago. Duk bayan ɗan lokaci nakan tsaya in ɗauki wani dutse in juya shi ina dubawa da fuskar masani, alhali numfashi nake nema. Matata ta gane, ta ce, "Duba da kyau, Baban yara, kada ka yi sauri. Akwai wani ma can gaba, inuwarsa ta fi."

Da muka isa sama, sai da na yi shiru. Kawu bai yi ƙari ba. Gari ne. Tushen ɗakuna ne zagaye-zagaye, wasu manne da juna, wasu a ware, duwatsun sun yi baƙi sun nutse cikin ƙasa. Ana gane ƙofar kowane ɗaki, kuma duk ƙofofin sun ba iska baya. Akwai lungu tsakanin gidajen wanda mutum biyu za su iya wucewa. Daga bakin dutsen ana hango kwari a ƙasa, da layin bishiyoyi kore inda ruwa yake bi idan an yi sama. Babu motsin komai sai iska.

Shirun nawa bai daɗe ba. A kan wani shimfiɗaɗɗen dutse na ga waɗansu ramuka masu santsi, dogaye, guda biyar a jere. Na kira su na ce su zo su ga wurin tsafi. Na ce a nan ake yanka dabba, jini ya taru a cikin ramukan.

Matata ta zo ta duba. Ta tattare abayarta ta durƙusa a gaban ɗaya, ta ɗauki wani mulmulallen dutse da ke gefe, ta ɗora a ramin ta tura gaba ta jawo baya. Dutsen ya zauna daram kamar jiya aka ajiye shi.

Ta ce, "Dutsen niƙa ne. Irinsa ne a gidan kakata. Ka ga guda biyar a jere? Tare suke niƙa, suna hira. Wannan ta tsakiyar ta fi kowa aiki, dubi yadda nata ya zurfafa."

Ta ɗan jima a durƙushe tana shafa ramin da tafin hannu. Ni kuma na shiga gyara igiyar takalmina, wadda babu abin da ya same ta.

Kaburburan suna gefen gabas, a ƙarƙashin wani baranda na dutse. Sai an bi wata siririyar hanya a sauka kaɗan. Ƙofofi ne masu kusurwa huɗu a jere, tsayin kowace bai wuce ƙugu ba. Duk a buɗe suke, an daɗe da kwashe abin da ke ciki. Matata ta tsaya nesa ta tambayi Kawu ko waɗannan suna cikin mutanen da aka halaka.

Kawu ya ce, "Allah ne Masani, 'yata. Mutane ne dai, sun rayu sun mutu. Ba wurin wasa ba ne. A duba a wuce."

Ni kuwa ganuwa ta kunyata ni, wurin tsafi ya kunyata ni, ina neman abin da zan fanshe kaina da shi. Na ce zan shiga ɗaya in ɗauki awo, don aikin ilimi. Na cire malafa, na kunna fitilar waya, na rarrafa ciki.

Ɗaki ne ƙarami, ba a iya miƙewa tsaye. Akwai sanyi da warin jemage. A jikin bangon dama an fafe wani dogon gurbi kamar kwami, daidai kwanciyar mutum. Na laluba aljihuna takwas ɗaya bayan ɗaya ina neman tef, sannan na tuna yana can ƙasa a kan katangar awaki. Sai wata dabara ta zo mini, wadda a lokacin na ga ta yi kyau ƙwarai. Na san tsayina. Idan na kwanta a gurbin, zan san tsayinsa.

Na kwanta. Kafaɗuna suka shige da ƙyar, ƙafafuna suka yi saura, sai da na ɗan lanƙwasa gwiwa. Na ce a raina, to, mutanen gajeru ne, ga sakamakon bincike. Na yunƙura zan tashi.

Wani abu ya ce ƙas a ƙasan bayana. Zafin ya taso daga ƙugu ya bi ƙafar hagu har yatsa, kamar an zuba mini tafasasshen mai a jijiya. Na koma na kwanta. Na sake gwadawa, na ji ihu ya cika ɗakin, sai daga baya na gane nawa ne.

Muryar matata ta shigo daga waje. "Baban yara, lafiya?"

"Bayana ya riƙe."

"To fito mana a duba."

"Ba zan iya ba."

"Kamar yaya ba za ka iya ba? Me kake yi a ciki?"

Amsar ba ta da daɗin faɗi. Sai ga kan Kawu ya leƙo ta ƙofa. Ya jira idonsa ya saba da duhu, ya gan ni a miƙe cikin gurbin, hannuwa a gefe, fitilar waya na haska rufi daga kan ƙirjina. Ya yi salati. Ya ce, "Ya Muhandis, wa ya sa ka?"

Na ce awo nake yi.

Suka gwada jan ƙafata, na roƙe su da girman Allah su bari. Kawu ya ce ya san ciwon, ciwon direbobi ne, ba a yi masa gaggawa, sai jijiyar ta saki da kanta. Matata ta ce akwai maganin ciwon jiki a jakarta cikin mota, za ta sauka ta ɗauko, ta kuma kira makiyayin nan. Kafin ta tafi ta leƙo ta dube ni. Na ga tsoro a idonta, na kuma ga wani abu daban da take ƙoƙarin dannewa a gefen bakinta.

Aka bar ni da Kawu. Ya zauna a bakin ƙofa ya jingina da dutse, rabin jikinsa kawai nake gani. Na ji ya buɗe fulas.

Rufin gurbin bai fi taƙi biyu daga hancina ba. Da na gaji da nishi sai na fara kallonsa. Duk jikinsa sawun sara ne, ƙanana, a jere, kowane bai fi faɗin farce ba. Wani mutum ya durƙusa a nan, cikin wannan matsi, ya yi ta sara dutse kwana da kwanaki. A wani wuri saran ya karkace, kamar hannunsa ya gaji ya sauya zama. Mako uku ina karatu a kan mutanen nan, ban taɓa tunanin cewa hannunsu yana gajiya ba. Ko uwarsa ya sassaƙa wa, ko ɗansa, ko kansa, ban sani ba. Abin da na sani shi ne an taɓa kwantar da wani daidai inda nake, aka toshe ƙofar, kowa ya hau sama ya ci gaba da niƙa.

Nan tsoro ya kama ni, tsoro na gaske. Na karanta duk abin da na haddace. Na tuna sallolin asuba da na makara, na tuna ƙanwata da muka yi shekara ba mu yi magana ba a kan maganar da ba ta kai ta kawo ba. Hawaye ya gangaro ya shige mini kunne, ban iya ɗaga hannu na share ba.

Kawu ya miƙo hannu ya ɗora mini dabino a baki, kamar mai ciyar da jariri. Sannan ya fara magana, ba tare da ya dube ni ba.

Ya ce lokacin da motarsa ta lalace a nan, yana hanyar komawa Jidda ne, don an aiko masa cewa mahaifinsa ba shi da lafiya. Babu waya a lokacin. Ya kwana uku yana jiran wanda zai kawo masa ƙarfen da ya karye. Rana ta biyu zama ya ishe shi, ya hau dutsen nan, ya zauna a bakin ramukan nan har yamma. Da ya isa gida an riga an yi jana'iza da kwana biyu.

"Ka san a maƙabartar Jidda ba a sa alama," in ji shi. "Na je na ce a nuna mini. Wannan ya ce nan ne, wancan ya ce a'a, can ne. Har yau ban san takamaiman wurin ba. Idan na je sai in yi wa kowa sallama, na san yana ciki."

Ya kurɓi shayi. Ya ce mahaifinsa ya yi shekara huɗu a hanya daga ƙasar Haɗeja, yana tsayawa yana noma a gonakin mutane kafin ya ci gaba. Shi Kawu bai taɓa ganin garin da mahaifinsa ya baro ba, sunansa kawai ya sani, da sunan wata bishiyar tsamiya da ke ƙofar gidansu.

"Waɗannan sun sha wahala sun huda dutse, ga shi babu wanda ya san sunan ko ɗaya. Babana bai huda komai ba, amma ni na san sunansa. Jikokina kuwa ko Hausar ba sa iya mayarwa. Bayan ni, halas, shi ke nan."

Wallahi, ina kwance a kabari, baya a riƙe, kunne cike da hawaye, sai da na buɗe baki zan yi masa bayani a kan yadda al'ummomi suke mantawa da asalinsu. Na ce, "Ai Kawu, masana sun nuna cewa..."

Ya ce, "Muhandis. Tauna dabinonka."

Na tauna.

La'asar ta yi kafin matata ta dawo da makiyayin. Ya zo da bargo da gorar ruwa. Ya leƙo ya gan ni, bai yi dariya ba, bai tambayi komai ba, kuma har gobe ina ganin girmansa saboda wannan. Aka ba ni magani na haɗiya a kwance. Bayan kamar rabin sa'a ya rarrafo ciki, ya cusa bargon ƙarƙashina kaɗan-kaɗan, ya mirgino ni daga gurbin zuwa ƙasa. Shi da Kawu suka kama bakin bargon suka jawo ni waje, ƙafa ce ta fara fita. Wandon mai aljihu takwas ya kama wani tsinin dutse ya yage daga ƙugu har gwiwa. Matata ta yafa mini ɗankwalin da ke jakarta.

Makiyayin ya kifa ni, ya danna wasu wurare a bayana da babban yatsa har na ambaci sunan mahaifiyata, sannan ya kwance rawaninsa ya ɗaure mini ƙugu tamau. Da haka na iya miƙewa, a karkace. Muka sauko, hannuna ɗaya a wuyansa, ɗaya a wuyan dattijon da ya girme ni da shekara ashirin da wani abu. Matata na biye da malafa da sanda. Kafin mu kai mota rana ta kusa faɗuwa. Makiyayin ya ƙi karɓar komai, rawanin ma ya ce in tafi da shi. Kawu ne ya ja motar har kwalta, yana ta murmushi don ya daɗe bai riƙe sitiyari ba, daga nan matata ta karɓa. Ni ina kujerar baya a kwance ina kallon rufi. Muka kwana a wani gari a hanya, washegari muka shigo Jidda.

A asibiti likita ya tambaye ni yadda abin ya faru. Na ce wani abu na ɗaga. Matata ta ce, "Kansa ya ɗaga, likita. Daga kabari." Sai da ta ba shi labarin duka, ya ajiye alƙalami ya saurara, ya kira wani abokin aikinsa ya ce ta maimaita.

Kwana goma na yi a kwance a kan kafet a falonmu. Labari ya zaga. Kafin ya kai unguwar Hindawiyya ya zama aljani ne ya riƙe ni a cikin kogo. Wata tsohuwa da muke sayen tuwo a wurinta ta zo da garwashi da turare ta hayaƙa ni har na yi tari, tarin kuma ya tayar da ciwon. Abokan aikina 'yan ƙasarmu suka zo dubiya, kowa ya zauna ya yi fuskar jimami, sai wani ya ce, "To Malam, ya ka baro su can?" falon ya fashe. Ashe kuma matata ta ɗauki hoto ɗaya lokacin da ake jawo ni, ƙafafuna biyu sun leƙo daga bakin rami. Ta aika wa yaranmu da ke karatu can ƙasarmu. Babbar ta kira tana kuka, ƙaramin ya kira bai iya magana ba don dariya. A kwana na uku na kira ƙanwata. Ta ɗauka ta ce, "Yaya, an ce ka mutu ka dawo." Muka yi sa'a guda muna hira.

Juma'ar farko da na iya tafiya ba tare da dafa bango ba, muka je Kurayyat kamar kullum. Bayan la'asar Kawu ya sa silifas ɗinsa ya ce in kai shi wani wuri. Maƙabarta ce tsohuwa a cikin gari, katanga fara ta kewaye ta, motoci na wucewa ta kowane gefe. Ciki fili ne shimfiɗe, da ƙananan duwatsu a jere, babu rubutu a kan ko ɗaya. Muka tsaya daga bakin hanya. Kawu ya yi sallama ga mutanen wurin gaba ɗaya, ya nuna da haɓa ya ce, "Wajen can ne. Ko kuma can."

Ina jin haka idona ya fara aiki da kansa. Na soma lissafin tazara daga katanga, ina tunanin idan aka san shekarar da kuma ta inda aka fara jera layukan, ai za a iya kusantar wurin. Har na ɗaga yatsa. Kawu ya kama hannun nawa ya sauke shi, ya riƙe bai saki ba. Muka yi addu'a a haka, ya ambaci sunan mahaifinsa da na kakansa a bayyane, ni kuma na ce amin. Da muka fito ya ce ƙafarsa ta gaji, in je in kawo motar kusa.